Magani Yana Kashe Ƙwayar Cuta, Amma Ba Ya Goge Tabo

A bakin mutanenmu kalmar "sanyi" buhu ce da ake zuba komai a cikinta. Ƙaiƙayin gaba sanyi ne, farin ruwa sanyi ne, zafin fitsari da ciwon mara duk sanyi ne, kai har saurin kawowar namiji ana jingina shi ga sanyi. Mai magani a tasha da lasifikarsa yana da kwalba guda ta dukansu, mai kemis ma yana da haɗin kafso guda. Alhali cututtukan da ke cikin wannan buhu ba dangi ɗaya ba ne, kuma wanda ya fi hana mace barci ba shi ne ke hana ta haihuwa ba. Ƙaiƙayin nan mai zuwa da farin abu kamar an dagargaza awara, ƙwayar kandida ce ke kawo shi, 'yar uwar yis ɗin burodi. Tana da naci, tana da takura, amma ba ta hawa sama ta toshe komai. Wadda ke toshewa ita ce kalamidiya, ita kuwa a mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ko alama ba ta nunawa. Sai a yi shekaru an bar jaki ana dukan taiki.

Don a gane inda ɓarnar take, sai an san bututun ƙwai. Guda biyu ne, dama da hagu, kowanne tsawonsa wajen santimita 10, ya taso daga mahaifa ya je ya buɗe baki kusa da ma'ajiyar ƙwai. A wurin da ya fi matsewa, ramin cikinsa bai fi milimita 1 ba. An shimfiɗe cikinsa da wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, masu kaɗawa gefe guda kamar iska ta bi ta kan gonar shinkafa. A cikin wannan bututu maniyyi ke haɗuwa da ƙwai, ba a mahaifa ba, kuma 'yan gasun nan ne ke tura abin da ya haɗu na tsawon kwana 3 zuwa 4 har ya faɗa mahaifa ya dasu.

Kalamidiya da gonoriya suna fara zama ne a bakin mahaifa. A wajen mace 10 zuwa 15 cikin 100 da ba su sami maganin kalamidiya ba, ƙwayar takan haura ta shiga mahaifa ta zarce bututu. Jiki ya aiko dakarunsa, a yi kumburi, a yi mugunya, 'yan gasun su zube, idan ƙura ta lafa kuma wurin ya warke da tabo. Abin lura shi ne yawancin ɓarnar daga yaƙin da jiki ya yi ne, ba daga cizon ƙwayar kanta ba, shi ya sa kamuwa ta biyu ta fi ta farko muni, don jikin ya riga ya san ta, yana far mata da ƙarfi. Tabon kan iya rufe bututun ruf. Yakan iya rufe bakinsa kawai, ruwa ya taru ya kumbura kamar balan-balan, ruwan kuma yana tsiyayowa mahaifa yana hana ciki zama. Ko kuma hanya ta rage a buɗe amma babu gasun da za su tura, maniyyi ya iya wucewa, ƙwai ya haɗu, sai ya maƙale a nan ya fara girma. Wannan shi ne cikin wajen mahaifa, wanda galibi kan fashe kafin wata 3. Macen da ta yi ɓatan wata, sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, ga ɗigon jini, ga jiri ko ciwon kafaɗa, asibiti mai ɗakin tiyata za a nufa da ita a wannan sa'ar, ba kemis ba.

Likitocin garin Lund a ƙasar Suwidin sun bi sawun matan da suka yi wannan kumburi daga 1960 zuwa 1984, kuma lissafinsu har yau shi ake kawowa. Bayan kamuwa ɗaya, mace 8 cikin 100 ta rasa haihuwa saboda toshewar bututu. Bayan ta biyu, kusan 20. Bayan ta uku ko fiye, 40. Daga bayanan matan nan ne kuma aka gano cewa waɗanda suka yi jinkirin kwana 3 ko fiye kafin su nemi magani sun ninka sauran sau uku wajen rasa haihuwa ko yin cikin wajen mahaifa. Kwana uku fa. A gidajenmu kwana uku bai ma isa a gama shawarar ko za a je asibiti ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta binciki dubban ma'auratan da ke neman haihuwa a ƙasashe 25 tsakanin 1979 da 1984, aka fitar da sakamakon a 1985. Afirka ta fita daban: kusan rabin matan da aka duba a cibiyoyinta bututunsu biyu duk a toshe suke, alhali a ƙasashe masu arziki abin bai wuce ɗaya cikin goma da 'yan kai ba. Kuma yawancinsu ba juya ba ne tun asali, sun taɓa ɗaukar ciki, daga baya abin ya tsaya. Wannan yana nuna wata ƙofa da ba ta da alaƙa da cutar saduwa ko kaɗan. Bakin mahaifa a rufe yake da wata majina mai kauri, ba ya buɗewa sosai sai lokacin haihuwa, ɓari, ko zubar da ciki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Doguwar naƙuda bayan faya ta fashe, hannu marar tsabta da ake ta cusawa ana duba ko kai ya sauko, guntun mabiyiya da ya rage a ciki, duk hanyoyi ne. Mai jegon da ta yi zazzaɓi cikin makonni 6 na farko, jinin biƙi ya yi wari, mara tana ciwo in an taɓa, ba gajiyar haihuwa ba ce kuma ruwan zafi ba zai magance ta ba. Wankin ciki da ƙarfe ma, idan aka kankare da yawa ko aka yi shi a kan cuta, bangon mahaifa na gaba da na baya sukan manne. Alamar ita ce al'ada ta ragu ƙwarai ko ta ɗauke bayan wankin.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne, a wajen shansa ake kuskure. Kalamidiyar da ba ta haura ba, doksisaikilin miligiram 100 ne safe da yamma na kwana 7. Mai ciki ba ta shan shi, azitromaisin giram 1 ake ba ta sau ɗaya. Gonoriya a yanzu allurar seftirayazon ce, don a wurare da yawa ta daina jin sifro da sauran ƙwayoyin da aka saba. In cuta ta riga ta haura, haɗi uku ne: allurar nan guda, sai doksisaikilin da Flagyl safe da yamma har kwana 14, a dawo a nuna wa likita bayan kwana 3 don a ga ko zazzaɓi da ciwo sun sauka. Ciwo yakan lafa a kwana na uku ko na huɗu, a nan mutane ke ajiye sauran, ƙwayar kuma ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Wasu su kora doksisaikilin da fura da nono, ko su haɗa shi da maganin ƙarin jini ko farin ruwan maganin olsa, waɗanda ke kama shi a hanji su rage abin da ke shiga jini. A raba su da awa 2 aƙalla.

Babban kuskuren dai shi ne a yi wa mace magani ita kaɗai. Zancen da ya yaɗu cewa a banɗaki ake ɗaukar waɗannan cututtuka yana kawo zaman lafiya a gida, mun sani, amma kalamidiya da gonoriya ba sa rayuwa a bakin masai, ta saduwa suke bi. In miji bai sha magani ba, matarsa za ta sake kamuwa a mako na gaba, ta tashi daga layin 8 cikin 100 na lissafin Lund ta koma na 20. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowa da kowa ne zai sha a lokaci guda, a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 ko har a gama magani, in ba haka ba cutar ta riƙa bin kwana kamar yadda girki ke zagayawa. Ya kamata kuma mai ba da magani ya faɗa wa ma'aurata cewa kalamidiya tana iya zama a jiki fiye da shekara ba a sani ba, don haka ganinta yau ba hujja ba ce a kan abin da wani ya yi jiya. Rashin faɗin wannan jimla ɗaya ya sa maza da yawa ƙin karɓar magani. Su kuma kayan matsi da wanke cikin gaba da sabulu ko ruwan kanwa, suna kashe ƙwayoyin kirki masu riƙe da tsamin wurin, su buɗe wa miyagu hanya.

Akwai wadda ake ɗauka a ruwa, kuma an fi mantawa da ita. Tsargiya mun san ta da fitsarin jini a wurin yara maza masu wanka a kududdufi, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar ta alamar girma. Tsutsar tana fitowa daga ƙananan katantanwa ta huda fata, kuma duk inda aka tare ruwa don noman rani, irin su Tiga da Kadawa da Bakolori da Goronyo, katantanwar ta sami gida. Ƙwayayen da tsutsar ke zubawa ba a mafitsara kaɗai suke maƙalewa ba, suna shiga bakin mahaifa da bututu. Yarinyar da ke wanki da ɗiban ruwa a bakin kwata tun tana 'yar shekara 7 sai ta girma da zubar ruwa, zafi da ɗigon jini bayan saduwa, a yi ta ɗura mata maganin sanyi ba ya ci, wani lokaci har a zarge ta. An ƙiyasta mata miliyan 56 a Afirka kudu da Sahara suna da wannan. Firazikwantel miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki yana kashe tsutsar, amma ba ya ciro ƙwayayen da suka riga suka daskare a nama, shi ya sa rabon da ake yi a makarantu ya fi amfani ga ƙananan 'yan mata, kuma waɗanda ba sa zuwa makaranta su ne rabon ke tsallakewa. Tarin fuka ma yakan bi jini ya sauka a bututu ba tare da tari ko ɗaya ba.

Namiji fa? A wajen rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai hannun matsalar miji, shi kaɗai ko tare da ta matar. A bayan kowane maraini akwai wata siririyar hanya a nannaɗe, wadda in an warware ta za ta kai mita 6, kuma ta nan ƙwayoyin maniyyi ke bi su nuna. Gonoriya ko kalamidiya in suka kai can, tabo ɗaya ya isa ya datse ta. Mutum zai ci gaba da kawowa yadda ya saba, don yawancin ruwan ba daga maraina yake fitowa ba, sai dai babu iri a ciki. Don haka kauri ko yawan ruwa ba shaidar komai ba ne. Hangum kuma, in ya kama namiji bayan balaga, yakan sauka maraina a wajen mutum 2 zuwa 3 cikin 10, yawanci gefe guda. Wanda ya kumbura kan iya ƙanƙancewa daga baya, amma rasa haihuwa gaba ɗaya ba kasafai ba ne sai in gefe biyu ya taɓa. Zazzaɓi mai zafi ma yana rage ƙwayoyin na ɗan lokaci, kuma da yake ƙera su yana ɗaukar wajen kwana 74, gwajin da aka yi wata guda bayan maleriya ko taifot zai iya fitowa da muni. A maimaita bayan wata 3 kafin a yanke hukunci.

A ganinmu gwajin miji ne ya kamata a fara da shi, bayan shekara guda ana nema, ko wata 6 in matar ta haura 35. Shi ne mafi arha kuma babu zafi: a ƙaurace kwana 2 zuwa 7, a zuba duka a kwalbar asibiti, a kai cikin awa guda ba tare da ya yi sanyi ko zafi ba. Mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a ƙwaya miliyan 16 cikin kowane mililita. Na mace, hoton HSG ne, inda ake tura ruwa mai fitowa a hoto ta bakin mahaifa a ga ko ya zuba ta ƙarshen bututu. Ana yin sa bayan jini ya ɗauke, kafin kwana na 10 zuwa 12 daga farkon al'ada, kuma ba a yin sa a kan cutar da ba a magance ba, don ruwan zai tura ta sama. In hoto ya nuna toshewa, ƙarin kafso ihu ne bayan hari. Abin da ya rage tiyata ce ko dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa.

To, a ce ciki ya samu. Daga nan lissafin ya koma na makonni, don kowace gaɓa ta ɗan tayi tana da lokacin da ake gina ta, kuma cuta tana ɓata abin da ta tarar ana ginawa ne.

Maleriya ce kan gaba a ƙasarmu, Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya. Macen da ta girma a inda sauro yake tana da ɗan sabo da cutar, amma ciki yana kawo sabon wuri da jikinta bai taɓa karewa ba, wato mabiyiya. Jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna fitar da wani abu mai danƙo da ke manne su a jikin mabiyiya, su taru a inda jinin uwa ke miƙa wa ɗa abinci da iska. Uwa tana iya yawo garau, a gwada jinin yatsa a ce babu komai, alhali mabiyiya a cike take. Sakamakon shi ne ƙarancin jini ga uwa, jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, bakwaini, ko a haife shi ba rai. Mai cikin fari ta fi shiga haɗari, don sai a ciki na biyu da na uku jiki ke koyon kare mabiyiya. Shi ya sa ake ba da Fansidar a wurin awo ko mace ba ta jin komai: ƙwaya 3 a haɗiye a gaban ma'aikaciya, daga mako na 13, a bar tazarar wata guda, aƙalla sau 3, har zuwa haihuwa. Ba a haɗa shi da Septrin. Kuma folik asid mai miligiram 5 yana rage masa ƙarfi, mai 0.4 ne ke tafiya da shi. Abin da ke karya tsarin a wurinmu shi ne kunya da ɓoye cikin fari har sai ya fito, a fara awo a wata na 6 ko na 7, wadda ta fi kowa buƙata ta zama ita ce ta ƙarshen zuwa.

Tunjere ana ganin kamar cutar da ce, amma a ƙiyasin 2022 jarirai wajen 700,000 aka haifa da ita a duniya, kuma bayan maleriya ita ce cutar da ta fi jawo haihuwar ɗa ba rai. Gyambonta na farko ba ya zafi kuma yana warkewa da kansa, sai mutum ya ɗauka ya rabu da ita. Fiye da rabin cikin da ba a yi wa magani ba yana ƙarewa da matsala. Gwajin ɗigon jini ne na 'yan mintoci, har akwai mai duba ta tare da HIV a tsinke ɗaya. Maganin allurar benzatin fenisilin ce mai awo miliyan 2.4, sau ɗaya in sabuwar kamuwa ce, sau 3 mako-mako in ba a san daɗewarta ba, kuma a yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa. Duk macen da ta yi ɓari a manyan watanni ko ta haifi ɗa ba rai fiye da sau ɗaya, a yi mata wannan gwaji da ita da mijinta kafin a fara zancen iska ko sammu.

Rubela, wadda ake kira ƙyandar Jamus, ga babba wasa ce: ɗan zazzaɓi, 'yan ƙuraje na kwana 3, shi ke nan. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ya lura a 1941 cewa jariran da ake kawo masa da yanar ido iyayensu mata sun yi ta a farkon ciki. In ta kama mace a makonnin farko, har 9 cikin 10 na 'ya'yan kan fito da yanar ido, kurumta ko ciwon zuciya, bayan mako na 20 kuwa da wuya ta yi wani abu. Babu magani, kuma ba a yi wa mai ciki rigakafinta, sai kafin ciki da aƙalla wata guda. Najeriya ta fara gangamin rigakafin ƙyanda haɗe da rubela a watan Oktoban 2025 ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14. Ita kuma wata ƙwayar bairos mai suna CMV, wadda ta fi kowace cuta jawo kurumtar da ba ta gado ba, a yawu da fitsarin ƙananan yara take. Mai ciki ta daina raba cokali da ɗan yaye ko sumbatarsa a baki, ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi masa tsarki. Tsire da balangun da cikinsu bai gasu ba, da kashin mage a ƙasar lambu, su ne hanyar toksofilasma mai taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi.

Bayan haihuwa fagen ya koma hanji. Daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2 kwana 1,000 ne, kuma tsayin da yaro ya rasa a cikinsu da wuya ya dawo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa 57. An saba ɗora laifin a kan rashin abinci kawai, kuma yana da nasa kaso babba, amma akwai yaran da ke ci ba ya zama a jikinsu. Cikin ƙaramin hanji a rufe yake da 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ke tsotse abinci. Yaron da kullum yake haɗiyar ƙwayoyin cuta daga ƙasa, ruwa da hannu, tsiran nan sukan gajarce su daddaɓe, bangon hanji ya riƙa yoyo, ƙwayoyin cuta suna tsallakawa jini, jiki ya zauna cikin yaƙin da ba ya ƙarewa. A wannan hali hanta tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin da ke rufe ƙofar shigar sinadarin ƙarfe, tana kuma rage wanda ke sa ƙashi ya yi tsawo. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro kuwa tana cin wajen rabin ƙarfin da jikinsa ke ƙonawa yana hutawa, ko fiye, don haka in aka karkatar da abinci zuwa fagen yaƙi, ba ƙafa kaɗai ke biya ba.

Wani nazari da ya haɗa bayanan yara daga ƙasashe da dama a 2008 ya danganta kashi ɗaya cikin huɗu na tsumburewa da yin gudawa sau 5 ko fiye kafin shekara 2. Daga baya an ga cewa ko yaron da ba ya gudawa, in hanjinsa na ɗauke da irin su shigela da jiyadiya, girmansa yana ja baya. Sai dai a nan akwai abin da ya ba masana kunya. An yi manyan gwaje-gwaje a Kenya da Bangaladash da Zimbabuwe, aka fitar a 2018 da 2019: an gina masai, an ba da sabulu da maganin tsabtace ruwa, amma tsayin yara bai ƙaru ba. Ba wai tsabta ba ta da amfani ba ne. Fassarar da ta fi gamsarwa ita ce masai yana tsare kashin manya, shi kuwa mai rarrafe a tsakar gida ƙasa yake damƙa ya kai baki, tare da kashin kaji da na awaki. Ga gidan da dabbobi ke kwana a tsakar gida, killace su da shimfiɗa wa yaro tabarma mai tsabta ba ƙaramin abu ba ne, haka ma sake tafasa kunun da ya wuni a kofi kafin a ba shi.

In gudawa ta zo, a daina cewa haƙori ne. Lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe da fara cin abinci, abin da ya haɗa su ke nan. Leda ɗaya ta gishiri da sukari ta asibiti a lita 1 na ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, sai dai in an rubuta wani awo a jiki, a zubar da abin da ya kwana awa 24. Zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba, a ci gaba ko gudawar ta tsaya, don aikinsa gyaran bangon hanji ne. Ba a tsayar da nono, ba a hana abinci, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako 2 ya mayar da abin da ya zuba. Ruwan Flagyl da ake ɗura wa kowane yaro ba ya taɓa rotabairos, wadda ɗigon rigakafinta ya shiga jadawalin Nijar a 2014, na Najeriya a 2022. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana tsotsar jini a hankali, albendazol miligiram 400 ke fitar da ita, rabi ga ɗan shekara 1 zuwa 2.

Ƙyanda tana da wata ɓarna da ba a gani. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna tana goge kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da yaro ya tara a kan sauran cututtuka, shi ya sa wanda ya tashi daga ita yake ta faɗawa gudawa da ciwon huhu watanni bayan ƙuraje sun bushe. Tana kuma ƙone sinadarin bitamin A har ido ya mutu, don haka duk mai ƙyanda ana ba shi kafson bitamin A kwana 2 a jere, mai awo 200,000 ga wanda ya kai shekara, 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11.

Waɗanda ke taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye biyu ne a yankinmu, ɗaya ta damina ɗaya ta rani. Maleriyar da ta kai yaro ga jijjiga da suma, a binciken da aka yi a Yuganda, wajen ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi suna da raunin natsuwa da riƙe karatu shekara 2 bayan haka. Maganin kariya daga maleriya da ake bi gida-gida ana rabawa duk wata a damina ga 'yan wata 3 zuwa 59 na kwana 3 ne, kuma na rana ta biyu da ta uku, da ake bar wa uwa, su ake yawan mantawa. Sanƙarau kuwa, wanda a 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, yana barin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka rayu da kurumta, farfaɗiya ko raunin gaɓa. Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke tare nau'i 5 a 2024.

Kurumtar nan ce aka fi makara a kanta, don yaro ya tashi, yana ci, yana wasa, kowa ya yi hamdala. Amma harshe ta kunne yake shiga, kuma shekaru 3 na farko ne lokacinsa. Bayan sanƙarau, ƙashi yakan fara cike dodon kunne na ciki cikin 'yan makonni, don haka a gwada jin yaro kafin wata guda da sallama, ba sai an ga ya ƙi magana ba. Kunnen da ya wuce mako 2 yana zubar da mugunya ma yana rage ji: a naɗe tsumma mai tsabta a tsane shi sau 3 a rana kafin a ɗiga maganin da likita ya rubuta, ba a zuba mai ko ruwan ganye. A gida, ɗan wata 6 ya kamata ya juyo in an kira shi ta baya inda ba ya ganin mai kiran, ɗan shekara guda yana gwaranci yana amsa sunansa, ɗan shekara 2 yana haɗa kalma biyu. In ɗayan waɗannan ya ɓace bayan wata rashin lafiya, sashen kunne da hanci da maƙogwaro za a kai shi.